Tun shigowar sanyi katin mita baya jimawa, wane kaya ne yafi shan wuta a gida?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah masu sani a taimaka min. Mu nan Rikkos a Jos mita mai kati gare mu, kuma tunda sanyin nan ya kankama katin dubu goma baya kai mu ko'ina, kafin ka ankara mita ta fara kuka. Maigida ya dage firizata ce, wai ita ce a jone dare da rana, ni kuma nace ai firizar nan tana nan tun lokacin zafi bamu ga haka ba. Abubuwan da muke dasu: firiza ɗaya, ƙaramin firji, talabijin da dikoda, fanka uku da ko kunna su bama yi yanzu, dutsen guga, butar lantarki, hitar bokiti da yara ke ɗora ruwan wanka da asuba kafin makaranta, sai ƙwayayen fitila. Wanne yafi sha a ciki? Da firizar nan nake sana'ar zoɓo da kunun aya, in akace a kashe ta toh sana'ata ce ta tsaya.

DanGangare
Wa'alaikumussalam. Hajiya hita ce, ba sai an je da nisa ba.

Ummu_Sadiq
Nima hita nace. Amma kar a raina dutsen guga, musamman gidan da ake goge kayan makaranta kullum da safe.

Sani_Waya
Wa'alaikumussalam Hajiya. Aikina kenan wayarin ɗin gidaje, bari in ɗan yi bayani yadda kowa zai iya lissafa nashi ba sai ya jira wani ba. Kowane kayan wuta akwai rubutu a jikinsa, ko a baya ko a ƙasa, zaki ga lamba da harafin W, misali 1500W, wannan shine wat ɗinsa, wato ƙarfin jan wutarsa. Yunit ɗaya da kike saya kuma shine wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Toh lissafin kawai wat sau awannin da abu yayi yana aiki, a raba da 1000. Ki ɗauka wat kamar faɗin bakin famfo ne, yunit kuma ruwan da ya taru a duro, ƙaramin famfo da ya kwana a buɗe zai iya tara abin da babba bai tara a minti biyar ba.

Ga kimanin abin da muke gani a kayan da ake sayarwa nan: hitar bokiti 1000 zuwa 1500, butar lantarki 1500 zuwa 2200, dutsen guga 1000 zuwa 2000, rishon lantarki kowane kai 1000 zuwa 1500. Firiza kuwa tsakanin 100 da 250 ne lokacin da kwamfireso, wato injin da ke sanyaya ta, ke aiki, kuma ba kullum yake aiki ba, in tayi sanyi yana tsayawa ya huta. Fankar sama 60 zuwa 80. Talabijin na bango matsakaici baya wuce 40 zuwa 60, dikoda 10 zuwa 20. Duk abin da aikinsa ya fitar da zafi, shine mai cin kati.

Maman_Ilham
Allah ya saka da alheri Malam Sani. Na duba hitar, 1500W aka rubuta. Firizar kuma ban ga W ba, 0.9A na gani.

Sani_Waya
Eh wasu amfiya suke rubutawa, shine A ɗin da kika gani. Ki ninka da 230, shine volt ɗin wutar gida a Najeriya, sai ya baki wat. 0.9 sau 230 ya baki wajen 200. Kenan hitarki ɗaya ta kai firiza bakwai in aka kunna su lokaci guda.

Abu_Hanif
Malam Sani kayi bayani mai kyau amma ni zan tsaya wa maigidan Hajiya kaɗan, don kaima ka faɗa da bakinka sai an ninka da awanni. Hita nawa take yi a jone? Firiza fa awa 24 ce in akwai wuta. 200 sau 24 ai yunit 4.8 kenan a rana, a wata ya haura 140. Wannan ba ƙaramin abu bane, kuma firizar 'yan sana'a ba irin ta gida bace da ake sa nama a rufe a manta da ita, wannan kullum ana zuba mata sabon kaya ana buɗewa ana rufewa.

Sani_Waya
Abu Hanif wancan lissafin sai in kwamfireso baya tsayawa ko na minti ɗaya, kuma sai in ana samun wuta awa 24, wa yake samun haka a Rikkos? Lafiyayyar firiza a yanayin Jos, balle yanzu da sanyi, yunit 1 zuwa 2 take ci a rana. Amma maganarka ta biyu gaskiya ce, in ana loda mata zoɓo kullum dole ta ƙara, musamman in da ɗuminsa aka saka.

Malama_Fiziks
Ku bani dama in saka baki, ina koyar da wannan a sakandare. Ruwa yana da wuyar ɗumamawa fiye da yadda mutane ke zato. Bokiti mai lita 20, in ruwan ya kwana a waje cikin sanyin Disamba ya sauko kamar digiri 15, kafin ki kai shi digiri 40 da za a iya wanka dashi sai ya ci kusan yunit 0.6, da hitar 1500 wajen minti 25 kenan. In kuma aka barshi har ya tafasa ya kusa yunit 2. Toh Maman Ilham ki ƙirga mutum nawa ke wanka da ruwan zafi a gidanki. In ku bakwai ne kowa da bokitinsa, yunit 4 da ɗoriya kenan kullum, a wata sama da 120, kuma wannan in ba wanda ya manta hita a jone ya tafi sallah ko ya koma barci. Abu Hanif ka lura da abin da tace tun farko, firizar tana nan tun da zafi. Abin da ya canza shi ake tuhuma, kuma abin da ya canza shine ruwan wanka. Fankokin da aka daina kunnawa ma sun rage musu wani abu, amma duk da haka katin ya fi saurin ƙarewa.

Hajiya_Bukuru
Malama tambaya, ni tafasa rabin bokiti nake yi sai in sirka wa mutum uku. Kishiyata kuma tace gara kowa a ɗumama masa nashi daidai wanka, wai tafasawa ɓarnar wuta ce. Wa yafi gaskiya?

Malama_Fiziks
Hajiya kusan duk ɗaya ne, zafin da ruwa ke buƙata shine dai, ko a wuri ɗaya aka tara shi ko an rarraba. Inda asara take shine in ya tafasa aka barshi yana ta ɓararraka, duk tururin nan da kike gani yana tashi kuɗi ne, ruwan kuma baya ƙara zafi. Mu nan Jos da muke kan tudu wajen mita 1200 ma ruwa tun digiri 96 yake tafasa. Ki riƙa rufe bokitin, kuma da ya fara ƙara ki cire.

Baffa_Nasarawa
Duk ku tsaya tukuna. Kafin a kama hita ko firiza, 'yata ki duba risit ɗin katin da kika saya, yunit nawa aka baki a dubu goma? Mutane da yawa suna ƙirga kuɗi basa ƙirga yunit. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin 'yan Band A daga naira sittin da wani abu zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka sauko dashi 206.80 a watan Mayu, a Yuli ya koma 209.5, ga harajin VAT kashi 7.5 a kai. A wannan farashin dubu goma yunit 44 ne kacal. Wanda ke Band C ko D kuwa dubu goman nan zata bashi fiye da ninki biyu. In an mayar da layinku Band A baku sani ba, toh ko ba a ƙara ko allura a gidan ba kati zai riƙa ƙarewa da wuri. Sannan in akwai tsohon bashi a kan gidan tun zamanin bil, ana cirewa duk sanda aka sayi kati, shima yana fitowa a risit.

Zee_Farin_Gada
Baffa wlh wannan maganar bashin ita ta same mu, mun kama haya ashe wanda ya tashi ya bar bashi, duk sayen kati sai an zaftare wani abu. Sai da muka yi ta zarya da takardar haya kafin aka saurare mu.

DanGangare
Wai menene bambancin band ɗin nan ne? Ni dai ji nake ana faɗa.

Baffa_Nasarawa
Awannin wutar da aka yi alkawari ne a rana. A awa 20 zuwa sama, B 16, C 12, D 8, E 4. Ba gida ake ba band ba, layin da ya kawo wuta unguwar ake ba. Kuma ka sani wanda ke samun wuta awa 20 dole ya ƙona yunit fiye da mai samun awa 8 ko da kayansu iri ɗaya ne, tunda firji da fanka da talabijin sun fi daɗewa a kunne.

Maman_Ilham
Baffa na duba, bamu cikin Band A, kuma ba a cire bashi. Yunit ɗin da ake bamu bai canza ba daga na watannin baya.

Auwal_Kubwa
Ina gaida mutanen Jos, ɗan unguwar Ali Kazaure ne ni amma aiki ya kawo ni Abuja. Ku kuna kuka da sanyi mu namu kukan Maris da Afrilu ne. Esi mai doki ɗaya da rabi wat 1100 zuwa 1300 yake ja, ka kwana dashi awa takwas ka tashi yunit 6 zuwa 9 sun tafi, a ɗaki ɗaya fa. A Band A ka lissafa da kanka. Dole na koma mai inbata, yana da tsada wajen saye amma da ɗaki yayi sanyi yake rage gudu maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi, in ka saita shi 25 ko 26 ka rufe ƙofa da taga zaka ga bambanci. Masu saita 16 su rufa da bargo sune ke shan wuya.

Ummu_Sadiq
Mu kam Allah ya hutar damu esi a Jos, sai dai hitar ɗaki. Surukata tsohuwa ce ga ciwon ƙafa, dole muke kunna mata da dare.

Sani_Waya
Ummu Sadiq wannan ita ce babbarsu gaba ɗaya. Yawanci 2000W ce in an kunna duka sandunan, awa shida yunit 12. In tana da maɓalli biyu ki kunna ɗaya, ya koma rabi, ki ɗumama ɗakin kafin ta kwanta sannan a kashe a ƙara mata bargo da safa. Kuma dan girman Allah kar a jona ta a ƙaramin ekstenshan ɗin nan mai siririyar waya, na sha zuwa gyara inda ya narke ya kama labule. Soket ɗin bango mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3000, in kika haɗa hita da dutsen guga a wuri ɗaya kin kai ƙarshensa ko kin wuce.

Nas_Hauwa
Tunda an zo maganar ɗumama ɗaki bari in roƙi jama'a. Kar tsadar kati tasa a koma shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Hayaƙin da yake fitarwa baya da wari baya da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri, in barci yake ba lallai ya farka ba. Haka janareto a baranda ko a lungun ɗaki. Duk shekara lokacin sanyi sai an samu irin wannan. Hitar bokiti ma a koya wa yara su cire daga soket kafin su sa hannu su ji ko ruwa yayi zafi, kuma kar a jona ta sai tana cikin ruwa.

Hajiya_Bukuru
Allah ya kiyaye mana. Amin.

Khalifa_JJ
Ni tambayata caja. Babanmu kullum faɗa yake wai cajin waya ne ke cinye kati, mu takwas ne a gida kowa da waya, har cewa yayi za a riƙa yin caji da layi.

Malama_Fiziks
Khalifa ka gaida Baba, ka nuna masa wannan cikin ladabi. Batirin waya mai 5000mAh abin da yake ɗauka bai kai wat-awa 20 ba, da asarar caja ka ce 25, shi kuwa yunit ɗaya wat-awa 1000 ne. Yunit ɗaya zai cika waya daga sifili wajen sau 40. Ku takwas in kowa ya cika tashi kullum, sai kwana biyar kafin ku ci yunit ɗaya. Ka duba ƙwayayen fitilar gidan maimakon haka, in har akwai tsohon ƙwai mai jan haske ɗin nan na 100W ko 60W, shi a awa goma yake cin yunit guda in na 100 ne, LED mai 10W kuwa sai yayi awa ɗari. Wanda ake bari a ƙofar gida ya kwana a kunne shi za a fara canzawa.

Tela_Dilimi
Maganar dutsen guga da Ummu Sadiq ta kawo a sama ba a bi ta kanta ba. Ni a shago keken ɗinkina mai mota baya damuna, dutse ne matsala, ina ganin yadda ƙwan shago ke dusashewa duk sanda ya ɗauka. Amma shima ba jan wuta yake ba tsayawa ba, in kun lura ɗan jan ƙwan jikinsa yana kawowa yana ɗaukewa, in ya ɗauke toh ya daina sha. Don haka dutsen 1200 a awa ɗaya na guga ba lallai ya ci 1.2 ba, zai yi ƙasa da haka. Shawarata ga matan gida a tara guga a yi lokaci ɗaya ranar Asabar ko Lahadi, a fara da masu son wuta kaɗan, na ƙarshe ma a cire soket a ƙarasa da sauran zafin. Kayan sallah kam ni gawayi nake komawa, shadda tafi kwanciya dashi.

Abu_Hanif
Ni har yanzu ban sauka daga kan firiza ba. Duk lissafin da ake yi na sabuwa ce mai lafiya. Nawa ne cikinmu ke da sabuwa? Yawanci 'yar kwatano ce, robar murfi ta saki, an canza kwamfireso an sa wanda yafi ƙarfinta, wani mai gyaran ma cire tamostat ɗin yake, wato abin da ke tsayar da injin in tayi sanyi, ya haɗa kai tsaye wai don tayi ƙanƙara da sauri tunda wuta bata zama. Irin wannan bata hutawa sam. A gidan yayata haka aka yi, da aka mayar da tamostat aka canza roba sai katinsu ya fara kaiwa.

Mai_Gyaran_Firji
Abu Hanif ya faɗi gaskiya, ana yi, kuma sau da yawa masu kayan ne ke cewa a yi musu haka. Hajiya ga gwaji mai sauƙi, ki saka takarda a bakin murfin ki rufe ki ja, in ta zare ba wata turjiya robar ta mutu. Ki saurara kuma ki ji ko injin yana tsayawa da kansa bayan tayi sanyi. Ki matsar da ita daga bango kamar tafin hannu, kar ta zauna kusa da risho ko inda rana ke bugawa, in ƙanƙara tayi kauri a bangonta a kashe a narkar. Zoɓo kuma a barshi ya huce sarai kafin ya shiga. Firiza a cike tafi riƙe sanyi akan wadda ba komai, ko robobin ruwa ne a cika ta dasu.

Sani_Waya
Toh ga yadda za a raba gardama ba tare da an sayi komai ba. A jikin mita akwai ɗan jan ƙwai mai ƙiftawa, kusa dashi an rubuta lamba da imp/kWh, wasu 1000 wasu 1600 wasu 3200. Ma'ana ƙiftawa kaza shine yunit ɗaya. In taku 1000 ce, ki ƙirga ƙiftawar minti ɗaya ki ninka da 60, wat ɗin da gidan ke ja kenan a lokacin. Ki kashe komai tukuna ki cire daga soket, in ta ci gaba da ƙiftawa toh ko waya na zubar da wuta ko wani ya ja layi daga naku. Daga nan ki riƙa kunna abu ɗaya ɗaya. Na firiza kuma tunda tana hutawa, ki rubuta yunit ɗin da ya rage da dare bayan an kashe komai sai ita, da asuba kafin a jona hita ki sake dubawa, amma a daren da wuta bata ɗauke ba.

Zee_Farin_Gada
Malam Sani wai gaskiya ne in wuta ta zo ba ƙarfi mita tafi gudu? Haka ake ta faɗa a layinmu.

Sani_Waya
Ba haka kai tsaye ba Anti. Hita da dutse in wuta ba ƙarfi ƙasa suke ja, sai dai su daɗe basu yi zafi ba. Masu mota irin firji da injin ruwa su ne ke wahala, suna ɗaukar zafi, kwamfireso yayi ta ƙoƙarin tashi yana kasawa har ya ƙone. Sitabilaiza ma da ake sakawa tana da ɗan abin da take ci ita kanta ko ba a jona mata komai ba, amma 5000 ɗin da ke jikinta ba shine shan wutarta ba, iya nauyin da zata ɗauka ne.

Maman_Ilham
Slm jama'a, mun yi gwajin tare da Abban Ilham, mitar mu 1000 ce. Da aka kashe komai ta tsaya cak, alhamdulillah ba mai jan mana. Firiza ita kaɗai ƙiftawa uku a minti, da aka jona hita kuwa yara ma sai da suka taru kallo, ta haura ashirin. Amma gwajin takarda da mai gyara ya faɗa, ta gefe ɗaya takardar zarewa take ba wuya, kuma tunda na zauna kusa da ita ina tankaɗe ban ji injin ya tsaya ba. Shi yanzu yace kowa da laifinsa, ni kuma ina ganin na hita yafi. Na dare bamu samu yi ba an ɗauke wuta.

Abu_Hanif
Toh kun gani. Uku a minti wat 180 kenan, in bata tsayawa kuma kuna samun wuta ko awa 12 ne ya haura yunit 2 kullum.

Malama_Fiziks
Haka ne Abu Hanif, amma biyu ɗin nan tana cinsu tun da zafi, ƙarin da ya sa Hajiya yin tambaya daga bokiti ya fito. A gyara robar, a kuma nemi mafita ga ruwan wanka.

Ummu_Sadiq
Mafitar ai gas ce ko gawayi a tsakar gida. Ni babbar tukunya nake ɗorawa in juye a kula tun dare, da asuba da sauran zafinsa sai a ɗan ƙara.

Auwal_Kubwa
Gas ɗin ma sai an lissafa. Kilo ɗaya zafin da ke cikinsa ya kai na yunit 13, amma kusan rabi a gefen tukunya yake tsiyayewa, abin da ke shiga ruwa kamar na yunit 6 zuwa 7 ne, hita kuwa tunda a cikin ruwan take kusan duk zafinta ciki yake tafiya. Kenan ki duba kuɗin yunit 6 ko 7 a band ɗinku ki gwada da kuɗin kilo ɗaya a inda kike saye. Mu 'yan Band A wani lokaci gas ke mana sauƙi, amma Maman Ilham da tace basa Band A zai iya yiwuwa hitar ce ma tafi mata araha, kawai a daina barinta tana tafasa a banza.

DanGangare
Sola fa? Ni nake ta tunanin in haɗa ƙarama in huta.

Sani_Waya
Sola tana da kyau ga fitila, fanka, talabijin, caji, har firiza in an yi lissafi. Amma batir ɗaya mai 200Ah na 12V yunit 2.4 ne a cikinsa, kuma in na ruwa ne rabi ake so ka ci don ya daɗe, yunit 1.2 kenan, bokiti biyu na lissafin Malama sun shanye shi. Kuma firiza lokacin tashi tana fizgar ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta, shi yasa ƙaramar inbata ke ƙara ta mutu, ƙaramin janareton nan na 950 ma abin da yake bayarwa da gaske bai fi 650 zuwa 800 ba, ko dutsen guga baya ɗauka.

Baban_Gida_Yanshanu
Ni matsalata ta fi ta kowa a nan, gidan haya ne ɗaki tara mita ɗaya, ni aka ɗora wa karɓar kuɗin kati. Da ɗaki ɗaki muke rabawa daidai, sai gwauraye biyu da ke fita tun safe suka ce zalunci ne, su ƙwai ɗaya da caja gare su, wata kuma tana dafa wake a rishon lantarki awa biyu, wanda a lissafin Malam Sani zai kai yunit 3 a girki ɗaya. Muka koma ƙirga kaya, sai aka fara ɓoye hita a ƙarƙashin gado. Ga injin jan ruwan rijiya mai doki ɗaya da kowa ke amfana dashi, shima wajen yunit ɗaya yake ci a awa. Wlh abin ya fara taɓa zumunci, matan gidan wasu basa gaisawa. Ya kuke yi a naku gidajen?

Zee_Farin_Gada
Baba mu ƙananan mitoci muka sa kowane ɗaki, kowa ya biya abin da ya sha, na injin ruwa a raba daidai.

Hajiya_Bukuru
A raba daidai kuma? Mai 'ya'ya shida da gwauro ruwansu ɗaya? Mu da kai muke ƙirga na ruwa.

Baban_Gida_Yanshanu
Malam Sani ƙaramar mitar nan ana iya sakawa a tsohon gida da duk ɗakunan waya ɗaya ta bi ta cikinsu, ko sai an sake wayarin gaba ɗaya? In sai an sake ne dole sai na samu mai gidan tukuna, shi kuma yana Bauchi.